Kwana Talatin na Malam Yamusa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Litinin, biyar ga watan Mayu na shekarar 2008, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Yamusa Saleh na unguwar Kurudu, a haɗarin mota kusa da Yangoji, yana dawowa daga gaisuwar mutuwa a Abaji. Shekararsa hamsin da huɗu. Ya bar matarsa Maimunat da 'ya'ya biyar. An sallace shi washegari da hantsi. Da gangan na rubuta kwanan watan boko, Malam, domin shi ne wanda ka koya mini ƙirgawa, shi ne kuma ya kusa cinye iyalinka.

Yau wata guda cur da tafiyarka, sai yanzu na zauna rubuta maka. Ba mantuwa ba ce. Aikinka nake yi, kuma sai shekaranjiya na gama.

Ni ce Larai, matar marigayi Rilwanu direba, malamar firamare a nan Kurudu. Masu rubuta ta'aziyya sun saba wanke mamaci tas, har 'ya'yansa su kasa gane shi. Ni ba zan yi maka haka ba. Ka zalunce ni, ka kuma yi wa bayin Allah alheri, kuma duka biyun zan faɗa, don wanda bai ji zaluncin ba ba zai fahimci alherin ba. Wanda abin ya yi wa zafi ya ajiye takardar ya tafi.

Mijina ya rasu a watan Agustan shekarar 2000, a cikin bas ɗinsa, a hanyar Gwagwalada. Shekara huɗu kafin nan wani wakilin kamfanin inshora ya je tasha ya sayar wa direbobi takarda, cewa in haɗari ya ci mutum za a biya iyalinsa diyya. Rilwanu bai taɓa fashin biya ba. Takardar tana ƙasan akwatina a cikin leda, na san tana nan. Amma na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma a gidanmu ba a taɓa takardun mamaci ba a yi arba'in ba, ba a kuma jin matar da ke takaba tana zancen kuɗi. Ni kaina da wani ya kawo mini maganar a lokacin da na zage shi. Na yi zamana, na yi kukana, na fita takaba a ƙarshen shekara. A farkon Janairu na yi wanka, na ɗauki takardar, na nufi Wuse.

Lokacin soja bai daɗe da komawa bariki ba, Abuja tana ta tashi, ko ina ka duba gini ne da sababbin motoci. Ofishinku yana hawa na uku. Da na shiga na ga mutum cikin farin kaftani da hula, ya ce mini, "Sannu da zuwa, Malama, ya ƙarin haƙuri?" sai na ji hankalina ya kwanta, na ce na samu ɗan'uwa. Kai ne. Ka karɓi takardar, ka juya bayanta, ka aza yatsa a kan wani rubutu mai ƙananan haruffa kamar ƙwan kwarkwata. An rubuta cewa dole a sanar da kamfani a rubuce cikin kwana talatin da aukuwar haɗari. Ni kuwa na zo bayan kwana ɗari da talatin da wani abu.

Ka yi mini bayani da taushin murya. Ka ce ku ma ba ku kaɗai kuke ɗaukar nauyin ba, kamfaninku yana da wani babban kamfani a ƙasar waje da yake yi masa tasa inshorar, kamar yadda ɗan tireda yake da uban ɗakinsa a babbar kasuwa. Su ma sun ɗiba muku wa'adi, in ba ku sanar da su a kan lokaci ba ba za su ba ku ko kwabo ba, ku kuma ba za ku biya daga aljihunku ba. Na ce to ni ina ruwana da mutanen da ban taɓa gani ba? Da Rilwanu yake miƙo kuɗinsa, wa ya gaya masa akwai wani uban ɗaki? Ka sunkuyar da kai. A watan Fabrairu aka ba ni wasiƙar cewa ba za a biya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban riƙe ka ba, domin ba kai ka rubuta dokar ba. Abin da ka yi bayan nan shi ne laifinka. Ka ce kada in damu, wasiƙar ta ƙa'ida ce kawai, kuna roƙon na waje su duba halin da nake ciki, in dawo wata mai zuwa. Na dawo. Ka sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ka ce amsa ba ta iso ba, in dawo wata mai zuwa. Daga Kurudu zuwa Wuse mota biyu ce da acaɓa, kuma duk ranar da na je sai na roƙi wata malama ta riƙe mini ajina. Na yi wannan jeka-ka-dawo sau goma sha biyu. Ban taɓa tunanin kotu ba. Wa yake kai ƙarar mutumin da yake tashi tsaye ya gaishe shi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu? A tarbiyyarmu wannan butulci ne, kuma kun san tarbiyyar tamu sarai.

Sai da wata abokiyar aikina ta kai ni wurin ƙanenta lauya. Ya karanta takardar bai fi minti biyar ba, ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce akwai wa'adi na biyu a ƙasan na farko: wanda aka ƙi biya yana da wata goma sha biyu daga ranar wasiƙa ya shigar da ƙara, in ya wuce shi ke nan. Ya ce da na zo da wuri da akwai abin faɗa, tunda ba wanda ya karanta wa Rilwanu sharaɗin, kuma alƙali yana iya duba uzurin takaba. Nawa wa'adin ya wuce da kwana tara. Ihu bayan hari. A shekarar nan na sayar da kangon da Rilwanu ya fara ginawa, 'yata Sumayya kuma ta zauna a gida ba ta rubuta jarrabawar gama sakandare ba.

Na koma hawa na uku, ban zauna ba. Na tambaye ka a gaban abokan aikinka ko ka san da wa'adin wata goma sha biyun. Ka ce, "Na sani." Na ce ko an taɓa aika wata wasiƙa ƙasar waje a kaina. Ka ce, "Ba a aika ba." Wannan gaskiyar ita ce abu na farko mai kyau da na gani a wurinka, amma ba ta hana ni faɗin abin da na zo faɗa ba. Na ce Allah Ya isa tsakanina da kai. Har yau ina tuna yadda wani farin saurayi a teburin kusa da kai, Mista George, ya ci gaba da danna injinsa kamar kaza ce ta yi kuka.

Bayan wata uku sai ga ka a ƙofar gidana, ba mota, takalminka duk jar ƙasa. Ka ce ka ajiye aiki. Ka ce ni ce ta goma sha ɗaya da ka yi wa haka, amma ni kaɗai ce na ja maka Allah Ya isa ido da ido, kuma tun ranar abinci ba ya yi maka daɗi. Ka nemi gafara, na ce ban yafe ba. Ka ce to ka ji, amma kana da wata buƙata. Kana so ka riƙa bin gidajen mutuwa kana tambaya tun kwana talatin ba su cika ba, sai dai kai namiji ne, ba ka isa ka shiga ɗakin mai takaba ba. Ni kuwa zan iya. Na dube ka na ce wannan mutum ba shi da ta ido. Na yarda, ba don kai ba, don matan.

Shekara shida muka yi a haka. Kana da wani ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun gaba. Duk inda ka ji an yi rasuwa ta haɗari ko gobara, daga Karu zuwa Jikwoyi, daga Orozo har Kwali, sai ka je ka yi gaisuwa, ka zauna a bakin tabarma, in an yi fatiha ka matsa kusa da babban gida ka ce, "Don Allah a yi haƙuri da ni, shin marigayi yana da takardar inshora?" In an ce akwai, ka rubuta ranar rasuwa, ka ƙirga kwana talatin, ka ja layi. Daga nan sai ni in shiga ciki da wasiƙar sanarwa, matar ta sa hannu ko ta dangwala.

Abin da mutanen garin nan suka saka maka da shi, su ma yau zan faɗa musu. Suka sa maka suna Ungulu. Yara suna binka suna kiran sunan, manya suna jinsu suna murmushi. In ka doso tabarma sai a fara zungurin juna, ana cewa ungulu ba ta jewar banza. A Karu samari suka fitar da kai daga wani zaman makoki da ingije, hularka ta faɗa kwata, ka tsame ta, ka matse, ka saka a aljihu. Bayan kwana biyu ka koma gidan. Yau matar gidan tana da injin markaɗe guda biyu, kuma cikin samarin da suka ingije ka har da wanda aka biya wa kuɗin jami'a da diyyar ubansa. Ban gan shi wurin jana'izarka ba.

Ba Musulmi kaɗai ka bi ba. Christina, matar wani birkila da bene ya rufto wa, gawar mijinta ta yi wata biyu a asibiti ana jiran dangi su haɗu a kai shi garinsu. Su ma al'adarsu tana cin kwanaki kamar tamu. Ka same ta a rana ta ashirin da biyu, ba ta jin Hausa sosai, kai kuma Turancin kasuwarka kamar na mai koyo, amma kuka fahimci juna. Ranar da aka kai ka makwanci ta tsaya daga nesa da ɗankwali a kanta, tana kuka tana cewa, "Wannan mutum ya yi mini uba." Ita ba ta taɓa kiranka Ungulu ba.

Akwai Nuraddeen mai shagon taya, wanda gobara ta cinye wa kaya. Shi ya sanar a kan lokaci, aka ƙi biyansa, aka shiga shayar da shi lemo ana ce masa na waje ba su amsa ba. Yana cikin wata na goma sha ɗaya ka ji labari. Ya ce maka ai manajan mutumin kirki ne, har gidansa ya zo suna. Ka ce masa, "Ni ma mutumin kirki ne lokacin da nake yi." Ka riƙe hannun rigarsa har ofishin lauya. Ana shigar da ƙara, amsar da aka yi wata goma sha ɗaya ana jira daga ƙasar waje ta iso cikin mako biyu.

Ba ka taɓa karɓar lada ba. Da gonar masara da doya a bayan Kurudu ka ciyar da gidanka, da ɗan abin da kake samu wajen cike wa mutane fom. Wata mata ta aiko maka da rago bayan an biya ta, ka mayar mata, ka ce ta sayar ta saya wa yara takalman makaranta. Nakan ji haushin wannan hali naka, domin na san gidanka ana bukata, kuma na san kana yi ne don ka wanke kanka. Maganarka kullum ɗaya ce: kuka ba shi da wa'adi, takarda ce take da shi. In za ka aike ni ofis kuma sai ka ce, "Kada ki zauna, kada ki sha lemonsu, kada ki fito sai da hatimi da kwanan wata a kwafinki."

Kowace shekara in azumi ya gabato sai ka tsaya a ƙofar gidana ka ce, "Malama Larai, har yanzu?" In ce, "Har yanzu, Malam." Ka yi 'yar dariya ka ce, "To, Allah Ya kai mu baɗi." Sau shida aka yi haka.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru bayan ka tafi, tunda ba ka gani ba. Tabarmarka ta cika maƙil. Waɗanda suka sa maka suna su ne a sahun gaba, suna girgiza kai suna cewa an yi rashin mutumin kirki. Ranar sadakar uku wata baƙar jif ta tsaya, Mista George ya fito, yanzu shi ne oga a sashen biyan diyya, ya yi ƙiba har wuya. Ya kawo buhun shinkafa da katan ɗin ruwa da wasiƙar ta'aziyya mai tambarin kamfani. Ya ce kai nasu ne, ba za su taɓa mantawa da kai ba. Ya yi minti ashirin a zaune. Bai buɗe baki ya gaya wa kowa cewa kana da takardar inshorar haɗari a wurinsu ba, wadda ka ci gaba da biya ko bayan ka bar aiki, balle ya ce kwanaki sun fara tafiya. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa, wallahi da ba gidan mutuwa ba ne da na watsa masa ruwan nasa.

Ni na san da takardar. Shekara biyu da suka wuce ka karɓi littafin darasina, ka rubuta lambarta a shafin ƙarshe, ka ce, "In tawa ta zo, ke za ki shiga." Na ce ka daina yi mini fatan wahala.

Yayanka Alhaji Nababa, ɗan kwangila, wanda a shekara shida bai taka gidanka ya fi sau uku ba, ya zo ya zama mai gida. Ya kulle akwatin takardunka, ya jefa makullin a aljihu, ya ce ba mai taɓa komai sai an yi arba'in. Arba'in ɗinka sha huɗu ga Yuni ne. Wa'adin kamfani huɗu ga Yuni. Ranar sadakar bakwai na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe Ungulun ya bar mace. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kin zo mana da zancen kuɗi? Mu ba matsiyata ba ne. Inshorar ma ai malamai suna da magana a kanta."

Na ce, "Alhaji, wannan na malamai ne. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce a bar wa kamfani haƙƙin marayu ba."

Ya ce kada ya sake ganin ƙafata a gidan da takarda. Alhaji Nababa, in wannan rubutu ya iso gare ka, ina tambayarka a gaban jama'a: kuɗin makarantar yara biyar, kai za ka biya? Ka faɗa mana yanzu mu ji, mu rubuta ranar.

Amma ba shi ne ya fi ba ni wahala ba, Malam. Matarka ce. Sanarwa ba ta bukatar akwati, lamba da ranar rasuwa da sa hannun Maimunat kawai take bukata, sauran takardu sa biyo baya. Sau biyu ina shiga ɗakinta tana juya mini baya. Ta ce, "Yaya Larai, me mutane za su ce? Ko wata bai yi ba." Ta ce wannan aikin ne ya raba ka da albashi, ya jawo wa 'ya'yanta gori a makaranta, ya kuma kai ka hanyar Abaji ka mutu, ba ta son ganin takardar ko a mafarki. Ban ga laifinta ba. Ni ma na taɓa zama a kan irin tabarmar nan, da irin wannan kunyar. Kwanaki suna tafiya, kullum da safe in ja layi a kalandar ajina.

Ranar Litinin biyu ga Yuni, kwana ashirin da takwas, na dafa ɗanwake na zuba a langa, na naɗe wasiƙar da biro a leda na sa a ƙarƙashin faifai. Alhaji yana zaure, ya ga abinci ne ya kawar da kai. Na shiga, na rufe ƙofa, na ce mata, "Maman Hanif, kin san dalilin da ya sa Malam ya bar aiki?" Ta ce ka ce mata ka gaji ne. Ashe shekara shida ba ka gaya mata ba. Wannan ma na riƙe ka da shi, domin ka bar ta tana ɗaukar wahalar da ba ta san tushenta ba.

Sai na gaya mata. Ban rage komai ba, da lemon, da wata goma sha biyun, da kwana taran, da kangon Rilwanu, da jarrabawar Sumayya. Na ce mata mijinki ne ya yi mini wannan, da hannunsa, yana murmushi. Na ce abin da ya yi ta gudu a titi yana hanawa ke nan, kuma jibi war haka za a yi wa 'ya'yansa, a ofishin da ya yi mini, kuma ke ce za ki taya su da kunyarki. Kunyar mara kunya asara ce. Ta yi kuka mai tsanani, har na ji tsoron za a jiyo daga waje. Na tona maka asiri a ɗakinka, ga matarka mai takaba, ban kuma yi nadama ba. Da ta share hawaye ta ce, "Ba ni biron."

Ranar Talata na je. Sun tashi daga Wuse, yanzu gininsu na kansu ne, gilashi tun daga ƙasa har sama, da na'urar hawa bene. Mista George ya taso da fara'a, da gurguwar Hausarsa.

"Ah, Madam Larai! Ka zauna mana. A kawo ma Madam abin sanyi."

Na ce a tsaye nake so.

Ya karanta wasiƙar, ya ce, "No problem, Yamusa namu ne. Ka bar shi a nan, ni da kaina zan yi handling. Mai stamp ya fita, ka dawo next week."

Na ce, "Oga George, next week kwana talatin sun wuce, kai ma ka sani. Hatimin yana cikin durowarka ta dama, nan Malam ya ce kuke ajiye shi. Ba na zama, ba na shan komai, ba na fita."

Na yi awa biyu da rabi a tsaye a tsakiyar ofishin, da mayafina da jakata, masu shiga da fita suna kallona. Duk wanda ya tambaya sai in gaya masa da ƙarfi abin da ya kawo ni. Mai gadi ya zo, ya dube ni, ya koma. Ana kiran azahar Mista George ya jawo durowa, ya buga hatimin a kwafina kamar zai fasa teburin, ya sa hannu. Uku ga Yuni, 2008, kwana ashirin da tara. Na duba kwanan watan sau biyu kafin in juya.

Na san tsugune ba ta ƙare ba. Suna iya kawo wasiƙar ƙi, suna iya cewa na waje ba su amsa ba. To su sani lauya ya riga ya ga kwafin, kuma ranar da wasiƙarsu ta iso, ranar zan fara ƙirga wata goma sha biyu. Littafinka mai baƙin bango an tsinto shi a aljihunka a Yangoji, Maimunat ta ba ni. Akwai suna uku a ciki da ba a kai musu wasiƙar sanarwa ba, har da gidan Abaji da ka je ranar. Na je musu duka. In yaran unguwa suna neman wanda za su kira Ungulu, ga ni, gidana yana bayan makaranta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maimunat, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya fitar da ke takaba lafiya, ki kuma yafe mini zafin bakina. Ina yi wa Hanif da ƙannensa huɗu gaisuwa, ku riƙe kanku da kyau, ubanku ya yi kuskure ya kuma ƙarar da ransa wajen gyarawa, ba kowane uba ake faɗa wa haka ba. Ina yi wa dangi na Kurudu da na gida gaisuwa, har da Alhaji Nababa, domin duk abin da ya yi ɗan'uwansa ne ya rasu. Kamfani kuwa ba ni da gaisuwar da zan yi musu, shinkafarsu ma tana nan ba a buɗe ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Yamusa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa hawayen matan da ya share su zame masa inuwa ranar da babu wata inuwa. Ka raya abin da ya bari, Ka kyautata namu ƙarshen.

Saura magana ɗaya, Malam, tsakanina da kai. Tun shekara ta biyu zuciyata ta sauko. Tun ranar da na ga ka tsamo hularka daga kwata na daina jin zafinka. Amma duk lokacin da ka tsaya a ƙofata ka ce "har yanzu?" sai in ce har yanzu, ina sane, don ka ɗanɗana abin da ake ji in an ce wa mutum ya dawo. Na ce bana in azumi ya zo zan faɗa maka. Azumi saura wata uku. Na yi maka abin da ka yi mini, kuma ni ba ni da inda zan je in ajiye aiki.

Na janye Allah Ya isa. Na yafe maka, Malam Yamusa, duniya da lahira. Na makara da kwana talatin da ɗaya. Allah Ya sa ta iske ka.

Larai Rilwanu
Kurudu, Abuja
5 ga Yuni, 2008